Haƙuri Iri Biyu: Tsakanin Jarumar Fim Da Hajiya Gambo Sawaba

Mai karatu, na san ka sha ganin wannan fitowar a fim, ko ka karanta ta a littafi, har ka haddace ta. Mace ce zaune a bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa tana sharar hawaye. Miji ya wulaƙanta ta, kishiya ta ƙulla mata sharri, uwar miji ta goya wa ƙarya baya. Ta yi yaji ta tafi gida, mahaifiyarta ta saurare ta tsaf, sannan ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka yi." Kafin magariba an rako ta ɗakinta. Mu kuma 'yan kallo sai mu yi ajiyar zuciya mu ce, kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri! Tun daga nan mun san ita ce jarumar fim ɗin, mun kuma san darakta zai saka mata a ƙarshe. Ko dai kishiyar ta haukace, ko mijin ya yi hatsarin mota ya dawo a keken guragu yana neman gafara.

Sannan akwai ɗaya macen, mai ɗaga murya, mai riƙe ƙugu, wadda in an faɗa mata ɗaya sai ta mayar da goma. Ita kam tana bayyana mun san muguwa ce, ba sai an gaya mana ba. Haka muka saba, haka kuma muke so a nuna mana.

To, a wannan watan ina so mu ɗan tsaya mu tambayi kanmu: shin me muke nufi da haƙuri? Duk wanda ya yi shiru mai haƙuri ne? Duk wanda ya ƙi yin shiru kuma maras haƙuri ne? Ba zan kawo maka misali daga ƙagaggen labari ba. Zan ɗauko rayuwar wata mata da ta taka ƙasar nan da ƙafarta, wadda da a ce a fim ɗinmu ta fito, da tun fitowar farko mun yanke mata hukuncin cewa ita ce muguwar. Ina nufin marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

Yarinya mai sayen faɗa

An haife ta a 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambon kuwa ya samo asali ne daga kasancewarta wadda ta biyo bayan tagwaye, kamar yadda al'ada ta tanada. Mahaifinta mutumin ƙasar da a yau ake kira Gana ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya, ya musulunta, ya auri mahaifiyarta, Banufiya. A Zariya ta tashi, ta fara firamare a Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifin ya rasu a 1943, tana 'yar shekara 10. Bayan shekara 3 mahaifiyar ita ma ta bi shi. Tana shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da ta samu ciki sai mijin ya sa ƙafa ya tafi, bai sake waiwayarta ba.

Tsaya ka duba wannan jerin da kyau. Marainiya, wadda aka cire daga makaranta, aka yi mata auren wuri, miji ya gudu ya bar ta da ciki. Ashe ba da irin wannan ne marubutanmu ke buɗe babi na ɗaya ba? Duk kayan haɗin jarumar da muka sani sun cika. Abin da ya rage kawai shi ne ta zauna a bakin gado ta yi ta kuka har wani Alhaji mai mota ya gan ta a hanyar rijiya.

Sai dai Gambo ba haka Allah ya yi ta ba. Masu ba da tarihinta sun ce tun tana ƙarama, in ta tarar ana faɗa tsakanin yara, ta ga babba na cin zalin ƙarami, sai ta janye ƙaramin gefe ta ce ta saye faɗan, ta shiga a madadinsa. Kullum da yagaggen kaya take komawa gida, har aka ce mahaifiyarta ta gaji da ɗinki ta koma yi mata riga da yadi mai kauri irin na tamfol. Riƙe wannan kalma ta sayen faɗa, mai karatu, domin duk rayuwarta abin da ta yi ke nan, kuma a kansa maganarmu za ta tsaya.

Daga Hajaratu zuwa Sawaba

A lokacin da ta zama budurwa, Arewa na ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, su kuma suna mulki ta hannun En'e. Talaka na biyan haraji, makiyayi na biyan jangali, ana kwasar mutane aikin tilas, ɗan doka da dogari da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun hukuma ɗaya. Wanda ya ɗaga kai ya san inda zai kwana. A ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, da manufar ƙwato wa talaka 'yancinsa. Kalmar da ke bakinsu ita ce sawaba, wato samun sauƙi da kuɓuta daga ƙunci. A ɗaya ɓangaren kuma ga NPC, jam'iyyar da sarakuna da manyan En'e suka fi karkata gare ta.

Gambo na da kimanin shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, a lokacin da maza masu gemu ke ɓoye katinsu na jam'iyya. A wani taron lacca a Zariya ta haye dandamali ta yi magana a gaban maza, abin da ba a saba gani ba ko kaɗan. Daga nan aka laƙaba mata Sawabiya, sunan da ya rikiɗe ya koma Sawaba, ya bi ta har kabari. Ba da jimawa ba ta zama shugabar mata ta jam'iyyar. Ta yi tattaki har Abekuta don ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan garin suka yi bore kan harajin da aka ɗora musu, har sai da sarkin garin, Alake, ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949.

Me Gambo ke nema? A bar yi wa yara ƙanana aure. A daina aikin tilas da harajin zalunci. A sa 'ya'ya mata a makaranta. A ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Iyakarsa ke nan. In ka karanta wannan jerin a yau za ka ce to mene ne abin tashin hankali a ciki? Amma a farkon shekarun 1950, da jam'iyya ta tura ta Kano, ta riƙa shiga gidaje tana zama da matan kulle tana yi musu bayanin siyasa, sai aka kama ta, kotun alƙali ta ɗaure ta, daga baya ma hukuma ta kore ta daga garin. Wannan shi ne somin taɓi. An lissafa cewa sau 16 ana ɗaure ta a rayuwarta. An yi mata bulala. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Ta rasa haƙoranta na gaba a hannun masu duka. Akwai ranar da wasu ƙarti suka lakaɗa mata na jaki suka yar da ita a daji. Ban da zagi, wanda shi ba ya barin tabo a jiki amma ya fi daɗewa: a wancan zamani duk macen da ta fito siyasa, sunan da 'yan adawa ke kiran ta da shi ba ya faɗuwa a shafin mujalla.

Kuma duk lokacin da aka sako ta, sai ta koma inda ta tsaya.

To, wace ce mai haƙurin?

Yanzu ga tambayar. Tsakanin jarumarmu ta bakin gado da wannan mata, wa ya fi haƙuri?

Na san amsar da za ta fara zuwa bakinka, domin ni ma ita ta fara zuwa nawa: ai Gambo jaruma ce, amma ba za a kira ta mai haƙuri ba. Mai haƙuri ba ya hawa dandamali, ba ya yi wa alƙali tsaye. To amma mu yi lissafi. Mutumin da aka ɗaure sau ɗaya ya fito ya ce ya tuba, mun san abin da ya ƙare masa: haƙurinsa ne ya ƙare. Wanda aka ɗaure sau 16 bai sauya magana ba fa? Me za mu kira abin da ya riƙe shi? Gambo ta fara neman ƙuri'ar mata tun farkon shekarun 1950. A zaɓen tarayya na 1959, matan Kudu sun yi layi sun zaɓi wanda suke so, na Arewa suna gida. Aka samu mulkin kai a 1960, ba a ba su ba. Jamhuriya ta Farko ta rushe a 1966, ba a ba su ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a 1979 suka shiga babban zaɓe na ƙasa. Kusan shekara 25 ke nan tana jira. Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. To ai dafa dutse aiki ne, sai an yi ta iza wuta. Wanda ya ajiye dutse a tukunya ya koma gefe ya yi tagumi, ba abin da zai sha.

Malamanmu ma da suka zo bayanin haƙuri ba su ce abu ɗaya ba ne. Sun kasa shi gida uku: haƙuri a kan musibar da ta sauko wa bawa, haƙuri wajen barin abin da aka hana, da haƙuri wajen dagewa a kan aikin alheri komai wuyarsa. Mu ne muka ɗauki na farkon kaɗai muka cika finafinanmu da shi, muka manta da sauran. Kuma ko na farkon ma mun faɗaɗa shi ya wuce iyakarsa. Mutuwa, ciwo, gobara, fari, waɗannan ba yadda bawa zai yi da su sai ya rungumi ƙaddara. Amma ɗan dokan da ya ƙwace akuyar tsohuwa ba fari ba ne. Uban da ya cire 'yarsa daga aji huɗu ya ba abokinsa ba gobara ba ne. Mutane ne masu hankali da suka zaɓi abin da suka yi, ana kuma iya hana su. In muka haɗa aikin azzalumi da saukar ƙaddara muka kira su da suna ɗaya, mun yi wa azzalumin babbar alfarma.

Ga wani abu kuma da nake so ka lura da shi a unguwarku. Kalmar nan "yi haƙuri" kamar ruwa take, kullum gangare take bi. Maigida ya hana yaron shago haƙƙinsa, yaron ake ba haƙuri. Miji ya yi duka, matar ake ba haƙuri. Mai mota ya buge mai keke, jama'a su taru a kan mai keken suna "yi haƙuri, yi haƙuri". Da wuya ka ga ta hau tudu. Alhali kuwa Hausa ta tanadar mana ɗaya fuskar kalmar: mukan ce wane ya haƙura da abu, wato ya bar shi, ya janye hannunsa. Ke nan shi ma mai ƙarfin ana iya ce masa ya haƙura. Ya haƙura da dukan, ya haƙura da kuɗin da ba nasa ba, ya haƙura da yarinyar da ba ta son sa. Abin da Gambo ta yi shekara da shekaru ke nan. Ta ɗauki kalmar da aka saba jefa wa na ƙasa, ta juya ta ta fuskanci na sama. Shi ya sa aka ga kamar ta zo da baƙon abu.

Sai kuma batun sayen faɗa da na ce ka riƙe. Akwai bambanci tsakanin haƙƙinka da haƙƙin wani. In kana bin mutum bashi ka yafe masa, ka yi abin yabo, Allah ya ba ka lada. Amma in maraya ne ke bin bashin, kai kuma kana tsaye kana gani ana cinye masa, ba ka da hurumin ka ce ka yafe. Ba naka ba ne. Da yawa daga cikin shirun da muke yi muna kiran sa haƙuri, a kan haƙƙin wasu muke yin sa. Maƙwabcinka na azabtar da 'yar aikinsa, kana jin kukanta ta katanga, ka ce kai ba ka son fitina. Wannan haƙurin bai ci maka komai ba, yarinyar ce ke biya. Gambo kuwa, auren wurin da take yaƙa an riga an yi mata shi, makarantar da take nema wa yara ita ta riga ta wuce ta. Ba abin da zai dawo mata. Faɗan wasu ne ta saya, ta biya da jikinta.

Kada mu yi wa iyayenmu rashin adalci

Na san akwai mai karatun da ransa ya fara sosuwa, musamman ke 'yar'uwa da kika ga abin da mahaifiyarki ta shanye. Za ki ce, wato iyayenmu da suka zauna suka cije, suka ƙi fita saboda mu, su matsorata ne? A'a, wallahi ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Matar da ta duba 'ya'yanta biyar, ta duba gidan ubanta da ba abinci, ta ga in ta fita yaran ne za su tagayyara, ta zaɓi ta zauna, ita ma faɗan wasu ta saya. Ta biya da ƙuruciyarta. Ba ta da dandamali, ba ta da jam'iyya, ba wanda zai sa wa asibiti sunanta. Laifin ba nata ba ne. Laifin na waɗanda suka gan ta a wannan hali ne, suna da bakin magana, suka ba ta haƙuri suka juya suka tafi, ba su ce wa mai cutar da ita uffan ba.

Haka nan ba duk mai ɗaga murya ne Gambo Sawaba ba. Akwai masifa tsagwaronta, akwai neman suna, akwai wanda in ba a yi rigima ba abinci ba ya yi masa daɗi. Yadda za ka bambance su ba wuya: duba don wa ake faɗan, sannan duba wa ke biyan kuɗinsa. Mai masifa don kansa yake yi, wasu su kwana a ciki. Gambo don wasu ta yi, ita ta kwana a kurkuku.

Kuma kada mu mayar da ita waliyyiya. Mace ce mai zafin zuciya, ba ta barin ta kwana, ita kanta ba ta ɓoye hakan ba. Aurarrakin da ta yi daga baya ba su ɗore ba. Lafiyarta ta taɓu saboda dukan da ta sha. A Jamhuriya ta Biyu ma ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP ba, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta shiga, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar. Wato mace ce mai ra'ayin kanta, ba a jan ta da igiya, ko da kuwa mai jan jagoranta ne na da. Irin wannan hali yana da tsada, kuma duk wanda ya ce maka ba shi da ita ya ruɗe ka. Ni kaina in aka tambaye ni ko ina so 'yata ta sha abin da Gambo ta sha, zan ce Allah ya kiyaye. To amma ka ga inda gizo ke saƙar: ina so 'yar tawa ta yi karatu, ina so ta yi zaɓe, ba na so a aurar da ita tana shekara 13. Ina son romon, ba na son iza wutar. Yawancinmu haka muke, gara mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Su ma waɗanda suka yi adawa da ita ba duka ne mugaye ba. Akwai waɗanda tsakaninsu da Allah suka yi imani cewa jama'a ba ta shirya ba, cewa in mata suka fito rumfar zaɓe tarbiyya za ta rushe, gidaje su watse. Suka ce a yi haƙuri, lokaci bai yi ba. To lokacin ya zo a 1976, mata suka fito, sama ba ta faɗo ba. Yau duk ɗan takarar da ke Arewa ya san layin mata a ranar zaɓe shi ne abin tsoro, shi ya sa ake bin su gida-gida da atamfa da sabulu. Abin tambaya shi ne, da kowa ya karɓi shawarar a jira, wa zai sa lokacin ya yi? Lokaci ba ya yin kansa. Wasu ne ke turo shi, galibi kuma su ne ake kira marasa haƙuri.

Yabon gawa

Hajiya Gambo ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. Ba ta tara dukiya ba. Abin da aka san gidanta na Sabon Gari da shi shi ne tarin yaran da ta riƙa ɗauka tana reno, da mabuƙata da ba sa yankewa a ƙofarta. Yau akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano mai sunanta. Duk ɗan siyasar da ya tashi jawabi a taron mata sai ya ambace ta.

Madalla da hakan. Sai dai yabon wanda ya mutu ba shi da wuya, domin ba zai tashi ya hau dandamali ya ba ka kunya ba. Jikokin waɗanda suka jefe ta suna cikin masu yabon nata a yau, kuma ba abin da ya ci musu. Gwajin gaskiya shi ne yadda muke yi da mai irin halinta da ke raye. Yarinyar da ta tashi a taron dangi ta ce ba za a aurar da ƙanwarta ba sai ta gama makaranta, me muke kiran ta? Matar da ta fito takarar kansila a mazaɓarku, wane suna aka fara laƙaba mata a majalisar shayi, kai kuma da kake zaune me ka ce? Shekaru sun wuce 40 da fara zaɓen matan Arewa, amma a zaɓen 2023, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, waɗanda mata suka samu a duk faɗin Nijeriya ba su kai 5 ba, kuma har zuwa wannan zaɓen ba jihar da ta taɓa zaɓar mace gwamna. An bar su su yi layi, ba a bar su su zauna a kujera ba. Makamin da ake korar su da shi kuwa bai sauya ba tun zamanin NEPU: a taɓa mutuncinsu.

Ga marubuta da 'yan fim

Ku kuma 'yan'uwana masu alƙalami da masu kyamara, da ku nake wannan maganar ta ƙarshe, don ku ne malaman da yaranmu suka fi saurare. Ba a hana ku nuna mace mai haƙuri ba, akwai ta a kowane gida. An kuma san cewa tun wajen 1990 marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka fara taɓo auren dole da hana 'ya mace karatu a littattafansu, suka sha suka a kai. Amma ku duba darasin da ke cikin labarin da kuka fi maimaitawa. Kuna gaya wa yarinya cewa in ta yi shiru, hatsarin mota ko hauka ko wani attajiri zai zo ya ƙwato mata haƙƙinta. A rayuwa ta zahiri sau nawa hakan ke faruwa? Ƙuri'ar da matan Arewa ke jefawa yau ba hatsarin mota ne ya kawo ta ba.

A Kudu an yi wa Funmilayo Ransome-Kuti fim sukutum, wanda Bolanle Austen-Peters ta ba da umarni, aka nuna shi a gidajen sinima a 2024. Tarihin Gambo kuwa tun 1990 Rima Shawulu ya rubuta shi da Turanci, yana nan yana jiran mai ɗauka. Kuma wane labari ne ya fi wannan kayan fim? Ga maraici, ga soyayyar da ta watse, ga kotu, ga kurkuku, ga 'yan banga, ga ranar da tsohuwar fursuna ta ga mata sun yi layi a rumfar zaɓe. Roƙona ɗaya ne ga duk furodusan da Allah ya ba ikon yi: kada a wanke ta. Kada a mayar da ita mai sanyin murya da sunkuyar da kai don 'yan kallo su so ta. A bar ta da zafinta da kaifin bakinta da aurenta da ya mutu, a bar ɗan kallo ya yi kokawa da zuciyarsa, ya ga cewa macen da ya saba ɗauka muguwa tun fitowar farko, wannan karon ita ce mai gaskiya.

Kai kuma mai karatu, ba na ce gobe ka fita neman wanda zai ɗaure ka ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kafin wannan watan ya ƙare, za a kawo maka ƙara, ko a gida ko a wurin aiki ko a unguwa, kuma kalmar "yi haƙuri" za ta zo bakinka, don mun saba. Kafin ka furta ta, tambayi kanka: wanda nake ba haƙurin nan, shi aka cuta ko shi ya yi cutar? In shi aka cuta, to me na ce wa ɗayan? In ba ka ce masa komai ba, ka sani ba sulhu ka yi ba, ka dai taya mai ƙarfi danne maras ƙarfi ne da lafazi mai daɗi. Ba shi haƙurin, ba laifi, amma ka taka zuwa ƙofar ɗayan shi ma ka ce masa ya haƙura.

Allah ya ji ƙan Hajiya Gambo Sawaba, ya yafe mata kurakuranta, ya saka wa iyayenmu mata da suka shanye abin da ba mu sani ba saboda mu. Mu kuma ya ba mu haƙurin da ya dace a inda ya dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.